Mu Yi Sarin Gawayin Cirozerin, Amma Kada Ya Kwana Da 'Ya'yanmu

A taron iyayen yara da muka yi farkon shekarar karatu, bayan an gama ja-in-ja kan kuɗin alli da sabunta zanar azuzuwa, wani dattijo ya ɗaga hannu. Tsohon direban kamiyo ne, ya ci ƙuruciyarsa a hanyar Agadas. Ya ce shawara gare shi: malamai da iyaye mu haɗa kuɗi, mu yi odar mota guda ta gawayin ƙasa kai tsaye daga hannun masu gasa shi, tun kafin ɗari ya sauka, a sauke a raba wa kowa gwargwadon abin da ya zuba.

Nan take taro ya rabu biyu. Wasu suka bushe da dariya, har wani abokin aikina ya ce, "Haba Alhaji, gawayin da sai ka yi masa fifita tun hantsi kafin ya kama da azahar?" Wasu kuma suka yi tafi. Wata uwa daga baya ta ɗaga murya ta ce, "Bana sai barci da ɗumi. An ce ba shi da hayaƙi, kuma ba ya mutuwa har asuba. A cika kasko, a rufe ƙofa, shi ke nan." Aka sake yin tafi.

Dariyar ta ba ni haushi, tafin ya ba ni tsoro, lokaci kuma ya ƙure ban samu na yi magana ba. Shi ya sa na zo nan. Ina goyon bayan Alhaji, kuma ina ganin masu dariya ba su taɓa zama sun yi lissafin abin da murhu ke ci a gidajensu ba. Amma idan za a kawo motar nan don a sa garwashinta a ɗakin barci, to gara kada ta taso daga Cirozerin.

Bari in fara da aljihu, tunda nan ne ya fi yi mana zafi. A gidana mu takwas ne. Da na zauna da uwargida muka ƙirga, tsakanin itacen girki da gawayin shayi da na guga da ɗumama ruwan wankan yara, ba ma kashe ƙasa da dala sittin a rana. Dala sittin ba ta da nauyi a hannu, yaro ake ba ya ruga bakin layi ya dawo. Amma a wata jaka 9 ke nan, a shekara ta haura jaka 108. Malamin kwantiragi ya ɗauki alƙalami ya gwada wannan da abin da yake karɓa, a watan da ya zo kan lokaci. Kuma wannan lissafin rani ne. Da zarar hunturu ya kankama, ƙullin gawayin da ke cika tafin hannu biyu sai ya koma na hannu ɗaya, kuɗin kuwa suna nan yadda suke. Mai saida itace ba ya cewa ya ƙara farashi, ƙirare biyu kawai yake zarewa daga dami.

Ba na zagin matar da ke ƙulla gawayi a leda. Ita ce ta ƙarshe a layi, ribarta ba ta wuce ta cefane ba. Kafin kaya su iso gabanta sun bi ta hannun mai sara a daji, da mai mota, da dillalin tasha, da mai rumfa, kowa ya ɗora nasa. Mu da muka fi kowa ƙarancin kuɗi mu ne muke biyan dukkan hannayen nan, saboda kullum sai tukunya ta hau murhu muke tunawa da makamashi. Abin mamaki, mun san wannan a kan hatsi. Babu magidancin Damagaram mai hankali da zai jira watan Yuli ya riƙa awon tiya-tiya alhali yana da halin sayen buhu da kaka. Malamai da yawa adashi suke yi musamman don gero. To me ya sa wayon ya tsaya a kan abin da ke cikin tukunya, bai sauko kan abin da ke ƙarƙashinta ba?

Sai kuma abin da ba ya fitowa daga aljihu, amma ana biyansa. Duk wanda ya tsaya da sassafe a hanyar Mirya ko ta Tanut ya ga amalanken shanu da jakuna da tsofaffin motoci suna shigowa gari maƙil da itace. Ƙidayar 2012 ta ba birnin Damagaram sama da mutum 300,000, yau kuwa Allah kaɗai ya san inda muka kai, kuma galibinmu da itace muke girki. Ina yaro a ƙauyenmu mata kan fita da hantsi su dawo da dami kafin rana ta take. Yanzu 'yan matan da ya kamata su zauna a aji su ne ke yini a daji, su dawo da ƙirare da kashin shanu. Malaman karkara sun san ranakun da kujerun 'yan mata ke zama wayam, sun kuma san dalili.

Mu mutanen Damagaram bai kamata a zo daga waje a koya mana darajar itace ba. Har yau ana ba da labarin Sarki Tanimun, wanda ya ƙarfafa ganuwar Birni, ya yi mulki har 1884, cewa ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Manoman Magarya da Matamaye da Mirya kuwa duniya ta san su. Tun tsakiyar shekarun 1980 suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna sassabe da kula, har masu bincike suka ƙiyasta cewa tsakanin jihohin Maraɗi da Damagaram an farfaɗo da kimanin eka miliyan 5 ta ma'aunin hekta, da itatuwa wajen miliyan 200. Talakawa ne suka yi wannan da gatarinsu da haƙurinsu. Mu kuma 'yan birni, masu takardar shaida, kowace ranar 3 ga Agusta mu jera yara su dasa 'yan tsirrai a farfajiyar lakwal, a ɗauki hoto, akuya ta cinye kafin Oktoba, sannan mu koma gida mu ƙone abin da manomin Kance ya yi shekara ashirin yana reno. Ni ma ina cikin masu jera yaran, don haka ba wani nake nuna wa yatsa ba.

To mene ne wannan gawayi da ake yi wa dariya? Dutse ne baƙi da ake haƙowa a Anu Araren, kusa da Cirozerin, arewa da Agadas. An kafa kamfanin SONICHAR a 1975, tasharsa ta lantarki ta fara aiki a 1981, don ba ma'adinan yuraniyom na Arlit da Akokan wuta, da garuruwan yankin. Wato shekara arba'in da 'yan kai ke nan kwal ɗin ƙasarmu yana ci, galibi don a fitar da ma'adinin da ya haska biranen wasu. A 2004 aka kafa kamfanin SNCC don ya riƙa gasa kwal ɗin ya zama na girki. Gasawar nan ita ce muhimmin abu. Ana turara ɗanyen kwal da zafi ba tare da iska mai yawa ba, kamar dai yadda ake mayar da itace gawayi, sai kwalta da mafi yawan abubuwan da ke tashi da baƙin hayaƙi su fice. Abin da ya rage shi ne ake zubawa a buhu. Akwai kuma kwal kwance a Salkadamna ta jihar Tawa, wanda aka daɗe ana maganarsa. Ƙasar da daji ke ƙare mata tana zaune a kan gawayi, muna kuwa dariya.

Masu dariya suna da hujjoji, kuma ba ƙarya suke yi ba. Yana da wuyar kamawa. Yana barin toka mai yawa, don kwal ɗin Anu Araren an san shi da haka. Zafinsa na cin gindin tukunya maras kauri, yana kuma lalata murhun waya irin na gawayin itace. Da farkon kamawa yana da ɗan wari. Duk na gani da idona, domin na sayi buhu guda na gwada wata biyu kafin in buɗe baki. Makon farko uwargida ba ta yi mini magana mai daɗi ba. Amma matsalar ta murhu ce da sabo. Yana son murhu mai kauri, mai raga a ƙasa da ƙofar iska, a tada shi da 'yan ƙirare ko gawayin itace kaɗan, a ba shi lokaci. Idan ya kama, ya kama: a dafa wake, a sauke, a ɗora tuwo, a ɗora miya, a ɗora ruwan wanka, wuta na nan. Wanda zai dafa shayi kofi uku ba abokinsa ba ne. Gidan mutum goma, da mai abincin sayarwa, da mai dafa ruwan jego na kwana arba'in, da kantin ɗin makaranta mai tukwane kamar rijiya, su ne abokansa. Maƙeran Damagaram da ke mayar da tsohuwar ganga akwati da murhu ba za su gaza ƙera irin wanda ya dace ba, in sun ga gida hamsin na nema a lokaci guda. Wannan ma wata riba ce ta sari: mutum ɗaya ba ya sa maƙeri ya canza hannu.

Akwai wata hujja da na ji daga wani matashin malami mai karatu, kuma ta cancanci amsa. Ya ce Turawa na guje wa kwal, mu kuma yanzu za mu rungume shi? Gaskiya ne. A watan Disamba 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe birnin Landan kwana biyar, dubban mutane suka mutu, har aka kafa dokar tsabtace iska a 1956. Ingila ta hana sayar da ɗanyen kwal na gida gaba ɗaya a 2023. A gundumar Shuwanwai ta ƙasar Sin an ga kansar huhu ta yi yawa tsakanin matan da ba su taɓa shan taba ba, saboda girki da kwal mai hayaƙi a cikin ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2014, ta ce kada a yi amfani da ɗanyen kwal a gidaje. Na yarda da wannan duka, kuma darasin da na ɗauka shi ne: ɗanyen kwal kada ya shigo gidajenmu ko da kyauta ne. Duk wanda ya zo da mota ya ce ga na arha kai tsaye daga rami, a sallame shi.

Sai dai ina tambayar matashin nan: me uwarsa ke shaƙa yanzu? Hukumar da ya kafa hujja da ita ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020, kuma hayaƙin itace da kara da kashin dabbobi na kan gaba a ciki. Ya shiga madafar gidansu da magariba ya dubi rufin, ya dubi idon mai tuƙa tuwo da na jaririn da ke bayanta. Idan kuwa maganar ɗumamar duniya ce, abin da Nijar ke fitarwa bai taka kara ya karya ba in an gwada da ƙasashen da suka yi ƙarni biyu suna ƙona kwal, kuma gawon da aka sare bai taimaki duniya da komai ba. Gas ya fi, ban musa ba. Matatar SORAZ da aka buɗe a watan Nuwamba 2011 tana nan arewa da gari, a hanyar Tanut, tana fitar da shi. Duk mai halin sayen tukunyar gas da cika ta ya yi, ni ma da ita ake dafa abin karin safe a gidana. Amma kowa ya san ranakun da ake yawo da tukunya a bayan babur daga shago zuwa shago, kuma ban ga gidan da ke dafa ruwan jego ko waken mutum goma sha biyu da gas ba. Gida na buƙatar murhu na biyu. Gardamar ita ce me za a zuba a cikinsa.

Hujjar da ta fi damuna ita ce ta masu amalanke da mata masu ƙulli. Tun dokar 1992 da ta kafa kasuwannin itace na karkara, akwai ƙauyukan da wannan sana'a ce ke riƙe da su da rani. In mun koma kwal, me za su ci? Ba ni da amsa mai daɗi. Abin da zan ce shi ne gida hamsin ba za su rufe kasuwar itacen Damagaram ba, kuma dajin da suke sara yana ƙarewa ko mun saya ko ba mu saya ba, nisan da suke yi kullum ƙaruwa yake. Matan unguwa kuwa a sa su cikin sarin, su karɓa a farashin mota su ƙulla wa wanda ba shi da halin buhu. Gara a jawo su ciki da a zagaye su.

Yanzu ga yadda nake ganin za a yi, don na san halinmu: shawara mai kyau takan mutu ne a hannun ma'aji. A ce gida 50 kowanne ya nemi kilo 200, tan 10 ke nan, abin da zai sa mai kaya ya saurare mu, mai mota kuma ya yi mana farashi. Hanyar Agadas ta Adarbisanat da Tanut ta haura kilomita 400, kuɗin mota na iya cinye ribar duka, don haka kafin a karɓi ko dala a hannun kowa sai an samo farashi biyu a rubuce: na ɗaukowa daga can, da na wakilin kamfani in akwai kaya a kusa. A gwada su da abin da muke kashewa yanzu. In lissafi bai fita ba a fasa, babu kunya. Wannan aikin 'yan aji shida ne ma: a auna abin da gida ke ƙonawa a mako da itace, a auna da kwal, su fitar da kuɗin girkin rana ɗaya. Ya fi musu lissafin famfon da ke cika tanki, su da suka san famfon garin nan.

A saya da kilo, a kan sikeli, gaban shaidu. Buhu ba ma'auni ba ne. A zazzage buhu uku ko huɗu da aka zaɓa daga tsakiyar mota a ga yawan gari da duwatsu, a taɓa a ji ko an jiƙa shi don ya yi nauyi. Kada a biya duka sai kaya sun sauka. Kuɗi kuma kada su kwana a aljihun darakta shi kaɗai, ko na shugaban iyayen yara shi kaɗai, ba don ina zarginsu ba, sai don na ga yadda jaka ɗari ta raba mutanen da suka yi shekara ashirin suna sallah a sahu ɗaya. Mutum uku su sa hannu, ɗaya daga cikinsu mace daga ƙungiyar iyaye mata, tunda su ne za su zauna gaban murhun. A manna jerin sunaye da kilo a bango kowa ya gani. A yi shi da kaka, lokacin da manomi ke da abin sayarwa, kafin masu kaya su ji ƙanshin ɗari. A ajiye a wuri busasshe, nesa da dangar kara.

Kuma kada a sauke shi a harabar lakwal. Mu da muke koyarwa a azuzuwan zana ba ma bukatar a tuna mana watan Afrilu 2021 a Yamai, inda yara kusan 20 suka ƙone, ko watan Nuwamba na shekarar a Maraɗi, inda aƙalla 25 suka rasu. Duk abin da zai jawo wuta kusa da zana, ko ya sa yaro ya zo da gwangwanin garwashi don ɗumama hannu da safe, ba shi da wuri a makaranta. In akwai kantin, madafarsa ta zama ta gini, nesa da aji.

Na dawo kan uwar da ta yi maganar kasko, domin saboda ita na zauna rubutun nan. Hajiya, ba laifinki ba ne. Ɗarin Damagaram ba wasa ba ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu dare kan sauka digiri 14 ko 15, wani lokaci ƙasa da haka, ga iska mai ƙura tana ratsa ƙashi. Bature zai yi dariya, amma shi bai kwana kan tabarma a kan siminti da zane ɗaya ba. Na ga yara sun zo aji da safe yatsunsu sun ƙi riƙe alli, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Uwar da ke neman ɗumi don 'ya'yanta ba ta yi abin kunya ba. Sai dai abubuwa biyun da kika yaba, rashin hayaƙi da daɗewar wuta, su ne ainihin abin da ke kisa.

Duk garwashin da ke ci a wurin da iska ba ta wadata ba yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. In ta shiga huhu takan kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da wani abu, sai jinin ya riƙa zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Mai ido biyu zai ji ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Mai barci ba ya jin komai, barcin ne kawai ke ƙara nauyi. Jarirai da mata masu ciki da tsofaffi su ne ke fara faɗuwa. Hayaƙin itace, duk da sharrinsa, yana da kirki guda: yana shiga ido ya tashe ki ki buɗe ƙofa. Gawayi ba ya gargaɗi. Na itace yakan mutu cikin dare, wani lokaci wannan ne ke ceton mutane ba su sani ba. Na ƙasa kuwa, kamar yadda kika faɗa da bakinki, yana nan har asuba.

Za a ce kakanninmu sun kwana da wuta a ɗaki ba su mutu ba. Wasu sun mutu, aka ce kwana ne ya ƙare. Amma a dubi ɗakin da suka kwana: bukka ce mai jinka, ko ɗaki mai asabari a ƙofa, iska na shiga tana fita ta ko'ina. Mu kuma mun ci gaba, mun yi ɗakin siminti da rufin kwano da silin, da ƙofar ƙarfe da tagar ƙarfe, in ɗari ya zo mu bi kowace kafa mu toshe da tsumma saboda ƙura. Mun ɗauko al'adar bukka mun shigar da ita cikin akwati. Haka maganar take ga gadon jego da ake hura wa wuta a ƙarƙashi, ga mai jego da ɗan kwana uku a ɗaki a rufe.

An riga an yi wannan gwajin a wani wuri. A birnin Ulambato na ƙasar Mongoliya, inda sanyi ke daskarar da ruwa watanni, gwamnati ta hana ƙona ɗanyen kwal a watan Mayu 2019, ta kawo dunƙulallen gawayin da aka sarrafa. Hayaƙin gari ya ragu, kowa ya gani. Amma da sanyin shekarar ya shigo aka riƙa kwasar mutane zuwa asibiti da gubar wannan iska, wasu suka mutu. Su fa murhunsu na da bututun fitar da hayaƙi. Kaskonmu ba shi da komai.

Ban karanta wannan a littafi kaɗai ba. Shekarun baya, a wani gari da na koyar, wata yarinya 'yar ajina da ba ta taɓa fashi ba ta yi kwana uku ba ta zo ba. Da na je gidan na tarar da zaman makoki. An same su da safe su huɗu a ɗaki, uwar da yara uku, ba mai motsi, sai da aka ɓalle ƙofa. Uku sun farfaɗo da aka fito da su tsakar gida. Ƙaramin, ɗan wata bakwai, bai tashi ba. A wurin zaman na ji ana cewa abincin dare ne, wasu na cewa iska ce ta bi ta ɗakin. Kaskon yana nan a bakin ƙofa da tokarsa, an fitar da shi don a sami wurin shimfiɗa tabarma, ba wanda ya dube shi. Ni ma ban ce komai ba, na ga ba lokacinsa ba ne. Da ɗari ya zagayo ba na garin. Har yau ban san ko an sake kunna kaskon nan a ɗakin ba, kuma shirun da na yi bai bar ni ba. Wancan gawayin itace ne, mai mutuwa da wuri.

A makarantar horon malamai an koya mana yadda ake tsara darasi a kan numfashi da zagayawar jini, muna zana huhu a allo da jan alli da shuɗi. Ban tuna ranar da aka haɗa mana zanen nan da kaskon da ke ɗakin uwar yaro ba. Mu haɗa da kanmu. Minti goma ya isa, a farkon Disamba, a kowane aji: garwashi ba ya kwana a ɗaki. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi tare da ciwon kai da amai, a zargi wuta kafin a zargi tuwo. In an tarar da mutum ya sume kusa da kasko, a buɗe ƙofa da taga, a fito da shi sarari, a nufi likita da shi don a sa masa oksijin, ko da ya farfaɗo ya ce ya warke. Kada a ɗura wa wanda ya sume madara ko manja, zai shaƙe ne. Addu'a a yi ta a hanya. Yaro ɗan shekara tara na iya riƙe wannan, kuma yara sun fi mu iya kai saƙo madafa. Malaman allo ma a je a same su da ladabi, domin wutar karatun dare a fili take, ba ita ce abin tsoro ba, abin tsoro shi ne garwashin da almajirai ke kwasa su shiga da shi shagon da suke kwana.

To ɗumin fa? A ji shi a tsakar gida, a zagaye murhu bayan an sauke tukunya, a yi hira, in barci ya zo a bar wutar a waje. A ɗora ruwa a kan sauran garwashin, a zuba a jarka mai murfin kirki, a naɗe da zane a sa wa yara a shimfiɗa. A ɗumama bulo ko dutse a naɗe shi. A raba tabarma da siminti da kwali ko buhu. Kuma in sarin ya fita yadda nake zato, abin da gida ya rage a wata biyu ya isa a shiga Kasuwar Dole wajen 'yan gwanjo a ɗauko bargo da rigunan sanyi da safa da hula.

Na je na sami Alhaji a gida na gaya masa ya sa sunana, kilo 200. Na kuma gaya masa sharaɗina: a saman takardar da kowa zai sa hannu a rubuta, da boko da ajami, cewa wannan gawayi na girki ne a sarari, ba ya shiga ɗakin barci, a kuma karanta wa wanda ba ya karatu kafin ya dangwala. Ya ce mutane za su ga kamar an raina musu hankali. Na ce na ji, ni zan karanta, su yi fushi da ni. A taro mai zuwa zan zo da sikeli, da buhun da na gwada, da murhun, a tada wutar a gaban kowa a waje. Abokin aikina mai maganar fifita ya zo da agogonsa, Hajiya kuma ina roƙon a ba ta kujerar gaba.